Zan tarar da sunan kakana a gidan Arshif na Yamai?

"Malam, barka da aiki. Ni ɗan Tawa ne, amma asalinmu wani ƙauye ne a ƙasar Illela. Tun muna yara ake ba mu labari cewa kakan babanmu ya yi sojan Nasara, ya daɗe bai dawo ba har aka yi masa sadaka, daga baya sai ga shi. Kuma wai ya riƙe maigari kafin ya rasu. Ba mu da ko takarda ɗaya tasa. Wani abokina ya ce in tafi gidan Arshif na ƙasa a Yamai, wai sunayen mutanen da duk suna can. Gaskiya ne? In na je me zan tambaya, kuma me zan riƙa?"

Barka kadai, ɗana. In na fahimce ka, shaida biyu kake nema: cewa tsohon nan ya sa kayan soja, da cewa ya riƙe gari. Kuma kana son ka sani ko tafiyar nan ta kusan kilomita 550, ta Ƙonni da Dogondutsi da Doso, za ta biya kuɗin motarta. Na yi shekaru ina koyar da tarihi, na kuma zauna a ɗakin karatun gidan nan na adana tsofaffin takardun ƙasa ba sau ɗaya ba, wani lokaci don aikina, wani lokaci don taimakon mutane irinka. Abokinka ya faɗi rabin gaskiya. Takardu suna nan jibge, amma babu wani babban littafi da aka jera sunayen ƴan Nijar a ciki, wanda za ka faɗa wa ma'aikaci sunan kakanka ya buɗe shafi ya miƙo maka. Wanda ya je da wannan zato yakan fito kafin azahar yana cewa ba su da komai.

Me Nasara ya rubuta, kuma don wa

Mafi yawan tsofaffin takardun da ke can na bariki ne. Kumandan na sarkil, wato babban yankin mulki irin na Tawa, ya rubuta wa gwamna, gwamna ya rubuta wa babban gwamna da ke Dakar. Ba don jikoki aka yi su ba. Abin da ya dami kumandan kaɗan ne: lanho ya shigo, a sami samarin da za a kai soja, a sami waɗanda za su yi aikin tilas na hanya da gini, kada kuma wani ya tayar masa da ƙura. Duk wanda rayuwarsa ta ratsa ta ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi, akwai yiwuwar alƙalami ya taɓa sunansa. Sarki, maigari, tafinta, gardi, mushen lakwal, malamin asibiti, soja, wanda aka ɗaure, wanda ya kai ƙarar gona ko ta gado. Manomin da ya biya lanhonsa ya koma bukkarsa kuwa, sau da yawa cikin jimilla yake: gari kaza, masu biyan haraji kaza.

Saboda haka tambayar da ya kamata ka riƙe ita ce: a ina kakana ya yi karo da bariki, a wace shekara, a ƙarƙashin wane sarkil? Kai ka yi sa'a, don soja da sarauta duk suna cikin abin da ake rubutawa. Sai dai ba ɗaki ɗaya takardunsu suka kwana ba.

Dalili kuwa tarihin mulkin ne kansa. Ƙasar nan ta fara ne a matsayin yankin soja daga 1900, ta zama koloni a 1922. Babban birni yana Damagaram daga 1911, sai a 1926 aka mayar da shi Yamai. Kafin 1911 an haɗa mu da yankin da ake mulka daga Bamako, shi ya sa wasu takardun farkon zamani suke Mali. Sama da kowa akwai tarayyar Afirka ta Yamma ta Faransa, AOF, wadda aka kafa a 1895, kuma takardun babban gwamnanta suna gidan adana takardu na ƙasar Senegal a Dakar har yau. Abin da aka aika wa ma'aikatar koloni a Faransa yana garin Aix-en-Provence. Rahoto ɗaya yakan yi kwafi uku ko huɗu da takardar kabon, wanda ya ɓace a nan sai a tarar da ɗan'uwansa a can. Ga mai neman tarihin gida, na Yamai ya fi amfani, don nan ne ƙananan takardun sarkil suke, waɗanda ke kiran ƙauye da sunansa.

Aikin da za ka gama kafin ka hau mota

Nan ne zan daɗe, don nan ne mutane ke faɗuwa. Kada ka je Yamai sai ka zauna da tsofaffin gidanku, musamman mata. Maza sukan ba ka labarin jarumta, mata su ne ke riƙe da wa ya auri wa, wa aka yaye tare da wa, wace ce uwar wane. Ka riƙa goro da sukari, ka kunna rakodar wayarka bayan ka nemi izini, kada ka yi gaggawa, kada kuma ka gyara wa tsohuwa magana ko da ka ga ta saɓa da abin da ka ji jiya. Ka rubuta duka biyun.

Abu na farko da za ka kwaso shi ne sunaye, ba suna ɗaya ba. Mutumin da yana da sunan yanka, yana da lakabin da uwarsa ta sa masa don kunyar ɗan fari, yana da wanda abokai ke kiransa da shi. Wanda kuka sani da Abubakar, a takarda yana iya zama Nomau ko Arzika ko Tanko, domin sunan da gari ya san shi da shi ne tafinta ya faɗa. Kuma tunda ba mu da sunan dangi irin na Turawa, sunan mutum da na ubansa ake haɗawa, don haka dole ka san sunan uban, da lakabinsa shi ma. A wajen soja abin ya fi rikicewa: wasu an rubuta su da sunan garinsu ko ƙabilarsu a madadin sunan uba, wasu kuma sun tafi ne a madadin wani, da sunan wancan.

Sannan ka koyi ganin sunan da idon Bafaranshe. Yusufu ya koma Issoufou, Umaru ya koma Oumarou, Sha'aibu ya koma Chaïbou, Ciroma ya koma Tchiroma, Jibo ya koma Djibo. Haruffanmu masu lanƙwasa babu su sam. Garinku ma haka: Tawa ita ce Tahoua, Madawa Madaoua, Buza Bouza. Na taɓa ganin sunan ƙauye guda an rubuta shi iri uku a cikin fayil guda, kowane kumanda da yadda kunnensa ya ji. Ka ɗauki takarda ka rubuta kowane suna ta duk hanyar da za a iya lalata shi, ka tafi da ita.

Abu na biyu shi ne lokaci. Tsohuwa ba za ta ce maka 1916 ba, amma za ta ce "shekarar da Kawusan ya tsare Agadas", kuma wannan ƙarshen 1916 ne zuwa farkon 1917. In ta ce yana yaro aka yi Kakalaba, yunwar 1913 zuwa 1914 take nufi. In ta ce ya dawo bayan an daina aikin tilas, to bayan 1946 ne. In ta ce ubansa ya ga ɓarnar da Nasara suka yi a Birnin Ƙonni, 1899 ke nan. Tambaya mafi amfani ita ce: wa ke sarautar Illela lokacin? Wane kumanda ne a Tawa, me ake kiransa? Kusan kowane kumanda yana da lakabin da talakawa suka sa masa, kuma da ɗan bincike ana iya gano sunansa na ainihi da shekarun da ya yi. Ba ka bukatar rana da wata. In ka iya cewa "tsakanin shekara kaza da kaza", shekara goma ma ta isa a fara.

Abu na uku, ka sa a buɗe adaka da tsofaffin akwatunan ƙarfe. Ka ce ba ku da takarda, amma na sha jin haka, daga baya a tarar da ita a ɗakin wata gwaggo da aka aurar wani gari, naɗe cikin tsumma tare da layu. Tsohon katin iyali na biyan lanho, ɗan littafin soja, lambar yabo, takardar fansho, hoto mai rubutu a baya. Ko rabin shafi ne mai lamba a kai, ya fi labarin dare goma amfani a gaban ma'aikacin Arshif.

Kuma kafin Yamai akwai Tawa kanta. Ka leƙa fadar sarki, ka tambayi ofishin gwamna da na farfe da kotu ko suna da tsofaffin rajista. Wasu takardun ba su taɓa barin inda aka rubuta su ba. Ba kullum ake dacewa ba: na taɓa shiga wani ɗakin ajiya a wani gari, na ɗaga rajista sai ta zube a hannuna kamar garin tuwo, gara ta gama da ita, bangon kawai ya rage. Amma tambaya ba ta cin kuɗin mota.

Ranar da ka shiga

Ka riƙa katin shaidarka, da ƴar wasiƙa da Faransanci zuwa ga shugaban gidan, mai bayyana ko kai wane ne, me kake nema, wane yanki, waɗanne shekaru. Ka sa wani na Yamai ya leƙa maka tukuna ya ji ka'idar shiga da lokutan aiki, kada ka sauka ranar Alhamis da yamma ka tarar Juma'a rabin yini ce. Ka ware kwana uku zuwa biyar. Ranar farko kusan duk a koyon gidan take ƙarewa.

Takardun an jera su ne bisa ofishin da ya haife su da irin aikin, ba bisa sunan mutum ba. Akwai littattafan jagora, waɗanda ma'aikata ke kira répertoire, a ciki za ka ga kowane ƙunshi da lambarsa, wato cote. Wannan lamba ita kake rubutawa ka miƙa a ɗauko maka. Abin da ya shafi siyasa da sarauta, rukunin da lambarsa ke farawa da 1E shi masu bincike suka fi buɗewa. Ka gaida ma'aikatan da kyau, ka gaya musu labarinka a taƙaice. Wanda ya shekara ashirin yana ɗaukar akwatunan nan ya san abin da jagora bai faɗa ba. Kada ka ce "ina neman kakana". Ka ce "ina neman takardun sarkil na Tawa game da kanton Illela, daga shekara kaza zuwa kaza". Nan take za ka ga fuskarsa ta canza.

Komai da Faransanci yake, kuma mai yawa rubutun hannu ne na mutanen da suka yi lakwal shekara ɗari da suka wuce. In Faransancinka na kasuwa ne, ka ɗauki ɗalibin tarihi na Jami'ar Abdu Mumuni ka biya shi ladan kwanakin, ya fi maka. Ka yi aiki da fensir. Ka tambaya kafin ka ɗauki hoto da waya. Duk abin da ka kwafa, ka rubuta lambar ƙunshin da kwanan watan takardar a samansa, in ba haka ba bayan wata shida za ka ga hoto a wayarka ba ka san daga ina ya fito ba. Ni kaina na yi wannan wautar, sai da na sake kwana biyu ina neman shafin da na riga na gani.

Ga abin da zan fara nema in ni ne kai. Na ɗaya, abin da suke kira monographie, wato littafin da kumanda ke rubutawa kan sarkil ɗinsa: tarihin ƙasa, kabilu, gidajen sarauta, jerin garuruwa. Na biyu, rahotannin rangadi. Waɗannan su ne zinariya ga mai neman maigari, domin kumanda ko mataimakinsa yakan bi gari gari a kan doki yana ƙidaya, yana rubuta sunan maigari, yawan mutane da dabbobi, halin rijiya da rumbunan tsimi, wani lokaci har da ra'ayinsa kan mutumin. Na uku, fayilolin sarakuna. Sarkin kanto yana da takardar bayani tasa, mai ɗauke da asalinsa da danginsa da masu neman kujerarsa. Maigari bai cika samun irin wannan ba, sai dai sunansa ya fito a rahoto, ko ranar da aka naɗa shi, ko ranar da aka tuɓe shi. Na huɗu, rajistar shari'a. A rigimar gona ko gado shaidu sukan jero kakanni har uku ko huɗu, kuma magatakarda ya rubuta.

Bari in nuna maka yadda samu yake kama, don kada ka sa ran ganin hoto da tarihin rayuwa. Wani dattijo ya taɓa roƙona in duba masa kakansa, shi ma maigari. Kwana biyu muna buɗe ƙunshi ɗaure da igiya, takarda siririya kamar ɓawon albasa, allurar da aka maƙala ta da ita ta yi tsatsa ta ci gefen shafi. A rana ta uku muka kai ga wani rahoton rangadi, inji ya buga shi da shuɗin kabon da ya kusa gogewa. Layi biyu ne kacal: sunan garin, sunan maigarin, sannan an ce tsoho ne, mutanensa na jin maganarsa, amma yana ɓoye samari in an zo ɗaukar soja. Na fassara masa. Ya yi shiru, ya ce in sake karantawa. Sannan ya ce a gidansu ana ba da labarin wani rumbu da ake sa yara a ciki in an hango dawakin bariki, shi duk zatonsa tatsuniya ce. Layi biyun nan ya sa aka yi masa fotokopi, ya naɗe ya sa a aljihun gaba.

Maganar soja

Wannan ɓangaren ba lalle ne Yamai ta warware maka shi ba. A can za ka iya samun rahoton ɗaukar soja: sarkil kaza an nemi mutum kaza, an samu kaza, wasu sun gudu sun tsallaka ƙasar Ingilishi. Amma fayil na kowane soja da sunansa, sojojin Faransa ne suka riƙe abinsu, kuma cibiyar da ke ajiye irin waɗannan tana garin Pau a Faransa. Ana rubuta musu wasiƙa, kuma abin da ke buɗe ƙofa shi ne lambar soja, matricule, da shekarar da aka ɗauke shi, da wurin. Shi ya sa na matsa maka kan adaka. Tunda ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe a farkon 2024, wasiƙa da intanet, ko wani ɗan'uwa da ke zaune can, su ne hanya.

Ka fara tantance wane yaƙi ne. Akwai na 1914 zuwa 1918, da na 1939 zuwa 1945, sannan Madagaska a 1947, Indocin har 1954, Aljeriya har 1962. Daga 1919 aka mayar da aikin soja dole na shekara uku ga waɗanda ƙuri'a ta faɗa wa, don haka mutum yana iya yin soja ba tare da ya ga yaƙi ba. Wanda ya daɗe har aka yi masa sadaka, ko dai ya sabunta kwantaragi, ko an kama shi fursuna, kamar yadda ya faru da dubban sojojin Afirka a Faransa a 1940. Akwai shafin intanet na ma'aikatar sojan Faransa mai suna Mémoire des hommes, kyauta ne, amma ya fi ƙarfi kan waɗanda suka mutu a fagen daga. Naku ya dawo, sai dai ka duba abokan tafiyarsa in an san sunayensu, domin ta wurinsu kana iya gano rundunar. In ya taɓa karɓar fansho, ofishin tsofaffin sojoji a Yamai wuri ne da ya kamata ka leƙa.

Kada ka manta da wata yiwuwar: Adarawa, mutanen ƙasar Adar inda Tawa da Illela suke, mutanen tafiya ne. "Ya tafi soja" a bakin jikoki wani lokaci yana nufin ya gudu daga soja, ya yi shekaru a Sakkwato ko Kano ko Kumasi. In bincike ya karkata can, gidan adana takardu na Najeriya da ke Kaduna shi ne na arewa.

Abin da takarda ba za ta ba ka ba

Ranar haihuwa, ka cire rai. Rajistar haihuwa ba ta kai ƙauye ba a wancan zamani, shi ya sa har iyayenmu takardunsu ke cewa né vers, wato an haife shi wajajen shekara kaza, ƙiyasin da wani ya yi da ido. Ƙidayar jama'a ta ƙasa baki ɗaya ma sai a 1977 aka fara yin ta. Mata kusan babu su, sai wadda ta je kotu kan aure ko gado. Kuma duk abin da ka karanta ya bi ta bakin tafinta kafin ya kai alƙalami, tafinta kuwa yana da nasa abokai da nasa maƙiya. In kumanda ya rubuta cewa kakanka malalaci ne, yana iya yiwuwa lanho ne bai cika ba a shekarar fari.

Ka kuma shirya zuciyarka. A Adar maganar asali ba wasa ba ce. Takarda tana iya kiran wani gida da kalmar da jikokinsa ba su taɓa ji ba, ta bauta ko ta wala'i, wato zaman ƴantaccen bawa a ƙarƙashin gidan ubangijinsa, ko ta nuna cewa sarautar da ake taƙama da ita Nasara ne ya ƙwace daga wani gida ya ba wani. Na ga inda fotokopi guda ta tayar da rigimar gona da ta kwanta shekara hamsin. Abin da ka samo, ka fara kai wa manyan gidanku a ɗaki kafin ya hau WhatsApp.

Ni aikina a takardun bariki ya tsaya. In gidanku na malamai ne, akwai wata taska dabam: sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na IRSH, cibiyar bincike ta Jami'ar Abdu Mumuni a Yamai, wanda Bubu Hama ya yi ƙoƙarin tara tushensa, da kuma CELHTO, cibiyar tarihin baka da aka kafa a 1968, mai ajiye muryoyin tsofaffi da maroƙa. Don sanin yadda gidajen sarautar Adar suke kafin zuwan Nasara, ka nemi aikin Farfesa Djibo Hamani a laburaren IRSH ka karanta kafin ka taɓa fayil ko ɗaya, zai sa sunayen da za ka gani su zauna maka daidai.

Yanzu dai ka koma ƙauyen nan na ƙasar Illela. Ka nemi wadda ta fi kowa tsufa cikin waɗanda suka ga tsohon da idonsu ko suka zauna da matansa. Ka tambaye ta sadakar nan da aka yi masa: kafin wace yunwa ce ko bayanta, wa ke sarauta, matarsa ta yi takaba ta sake aure ko ta jira. Ka tambaye ta da me ya dawo a hannu, da wace kalmar Nasara yake yawan faɗa, ko yana ambaton sanyi ko teku ko daji mai ruwa. In ka haɗa wannan da jerin sunayensa, ka sake rubuto mini, sai mu zauna mu tsara wasiƙar da za ka miƙa a Yamai da wadda za ta tafi Pau.